Numfashin Wada a Tafin Hannuna

Litinin, 7 ga Mayu 1984, hantsi

Ba ruwa. Yau ma an fita bayan gari roƙon ruwa, maza sun juya rigunansu, an kora yara gaba suna kuka. Ban je ba. Na zauna a zaure ina jin su, sama kuwa fes kamar sabon kwano.

Na yi wa Wada allurarsa da safe. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake wanda ya gan mu ba zai yarda ba. Shi gajere, mai fara'a, kowa nasa ne. Ni kuwa ni ne. Tun kaka yake tari, har jini ya fara fitowa. Da na dawo Sabon Birni na saurari ƙirjinsa na ce masa tibi ne, sai ya riƙe min ƙafa ya ce, "Yaya, don Allah kak kowa ya jiya. In anka ji, ba mai ƙara shan ruwan rijiyata." Mutum na tofar da huhunsa, damuwarsa guga.

Shekara talatin ina sa mutane barci a ɗakin tiyata a birni, ina ta da su, ina koyar da yaran da yanzu suke zaune a kujerata. Sojoji suka zo, aka ce mun tsufa, aka miƙo min takarda da rana tsaka. Ko shayi ba a dafa ba. Ranar da na fito na ɗauko kwalin sitiraftomasin daga sito. Ban kira shi sata ba, har yanzu ban kira ba. Shi nake yi wa Wada kullum a ɗakin Saude matarsa, ƙofa a rufe. Na ce mata duk kwalbar da ta ƙare ta jefa masai.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haka ake cewa. Da hakimi ya aiko kowane gida ya ba da yaro a kai boko, bai yi dogon tunani ba. Ya duba wanda ba zai yi kewarsa ba, ya miƙa. Wada ya zauna gida, ya sami allo, ya sami fadama, ya sami rijiya.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan la'asar

An kama wani mai allura a Gatawa. Ba shi da takardar izini, kuma an sami maganin gwamnati a jakarsa. An kwantar da shi tsakiyar kasuwa, an zane shi gaban surukansa, sannan aka jefa shi mota. Wanda ya kawo min labarin yana faɗa yana kallona. Na ce masa jaki ne, abin da ya dace da shi ke nan.

Na ɗauke kwalin daga ƙarƙashin gado na mai da shi rumbu. Ba komai a rumbun sai shi. Ko ɓera ya daina zuwa.

Asabar, 12 ga Mayu, hantsi

Ba ruwa.

Litinin, 14 ga Mayu, azahar

Rijiyar Wada ce kaɗai ta rage a unguwa, ita ma rabi laka. Mata na jeruwa tun asuba, ga Fulanin da shanunsu suka zube a hanya, ga Buzayen da suka ratso iyaka ta daji. Ba ya hana kowa. Yau da kansa ya shiga yasa, mai tibi, mai gwaiwa tun ta samartaka. Na tsaya a baki na leƙa.

Na ce, "Wada, in ka mutu a ciki ka ɓata musu ruwan."

Daga ƙasa ya ce, "To Yaya, sai ka sa a fid da ni da wuri, tun ban yi yauƙi ba."

Mata suka kwashe da dariya. Kullum haka ne tun muna yara: in jefa masa magana, ya cafe, ya mai da ita wasa, a ƙara son sa.

Saude ta aiko min da dilo, 'ya'yan anzar nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗaci ya fita. Bai fita ba. Na ci.

Alhamis, 17 ga Mayu, da safe

Hanji ya sauko wa Wada cikin gwaiwa ya shaƙe. Tun shekaranjiya yake amai, suka ɓoye min, suna ta shafe-shafe da tofi. Harshensa ya bushe kamar ƙirgi, fitsari ko cikin cokali bai yi ba. Na gwada mai da hanjin, ya ƙi. Na zage su tas, shi da matarsa, Saude na bayan zana tana cewa, "Ka yi haƙuri, Yaya." Haƙuri ba ya kwance hanji.

Kafin a samo mota na yi masa allurarsa, na ƙara masa ta biyu saboda ruɓa. Na san inda za mu, asibitin Isa, na kuma san allurar nan ba ta jituwa da ta sakin tsoka da ake yi a tiyata. Amma na san asibitin ƙauye a shekara irin wannan: ba auduga, ba ruwan wanke hannu, balle allurar sakin tsoka. Ta kashe zafi a ƙashin baya za su yi masa, ko ketamin, su yanka. Haka na lissafa, kuma duk wanda ya san aiki haka zai lissafa.

Alhamis, Isa, bayan magariba

Soja biyu a baranda da bulala, suna jiran ma'aikatan da suka makara. Na gaishe su da Turanci, suka miƙe tsaye.

Mai ba da maganin barci Kadijatu ce, 'yar Tozai. Ni na koyar da ita. A gaba take zama, tana rubuta duk abin da ya fito bakina, har tarina ina jin ta rubuta. Tana ganina ta durƙusa har ƙasa.

"Malam! Ashe ƙanenka na? To hankalinka shi kwanta. Wancan wata an kawo mana kaya, akwai eta ta sa barci, akwai galamin na sakin tsoka, har tiyo sababbi. Yadda ka koya min za ni yi."

Murna take yi. Tana jira in ce madalla.

Sannan ta tsuguna kusa da Wada ta yi tambayar da ni na sa musu a baki, da kalmomina: "Baba, akwai magani da kake sha, ko allura da ake yi maka kwanan nan? Ko ta asibiti, ko ta gida, ko ta kasuwa, faɗa min."

Wada ya dube ni. A gidanmu ƙane ba ya amsa tambaya alhali wansa na tsaye; ko sunansa aka tambaya, babba ke faɗa. Saude na bakin ƙofa, kai a sunkuye, macen da ko gaisuwa ba ta yi min sai ta bayan zana. Ta taga ina hango hular soja.

Na amsa.

Kadijatu ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda Malam ya faɗa." Ba ta ko ɗaga masa riga ba. Wannan sakaci ne. Na koya musu su duba da idonsu.

Juma'a, 18 ga Mayu, hantsi

Aiki ya yi kyau, in ji likita. An yanke ruɓaɓɓen hanji, an ɗinke. Wada ne bai dawo ba. Zuciya na bugawa, ƙirji ba ya motsi.

Ga yadda nake faɗa musu a aji, tunda yanzu ba ni da aji sai wannan takarda. Jijiya kira take yi, tsoka ta amsa. Galamin toshe kunnen tsoka yake yi, don ciki ya saki, likita ya sami wurin aiki. Ƙirji ma sakewa yake, shi ya sa muke hura wa mutum iska da hannu. Eta na ƙara masa ƙarfi, wannan kowa ya sani, sai a rage awo. In an gama a ba da niyostigmin, kira ya daɗe yana amo har tsoka ta ji ta farka. Amma akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sitiraftomasin da danginsa, da ke shaƙe muryar mai kiran tun daga tushe. Kunne a toshe, murya a dishe: niyostigmin ba shi da abin da zai tsawaita. Wani lokaci allurar kalsiyam takan buɗe muryar, in an san a nema. Kuma duka biyun, galamin da sitiraftomasin, ta ƙoda suke fita. Mutumin da ya kwana biyu yana amai a bazarar fari ba shi da ƙodar da za ta fitar da komai.

A duk ajinsu Kadijatu ce kaɗai ta cinye wannan tambaya.

Ta same ni a baranda, idonta ja. "Malam, na ba shi niyostigmin, na ƙara. Ko gezau. Mi ka gani?"

Na ce ƙoda ce, a ƙara masa ruwa, a jira. Ba ƙarya na yi ba. Ƙoda ce.

Babu injin numfashi daga nan har birni, kuma ba zai kai birni a bayan mota ba. Abin da ke akwai: tiyo a maƙogwaro, baƙar jakar roba, da hannu. Mu uku ne ke karɓa-karɓa, ita da ni da Saude. Ta koya wa Saude: ki matsa, ki saki, ki ce subhanallahi wal hamdu lillahi, ki sake matsawa. Saude ta riƙe jakar kamar an miƙa mata jariri.

Juma'a, bayan masallaci

Wanda bai sani ba zai ce barci yake yi. Eta ta daɗe da fita. Yana ji, yana ganewa, ƙuda na yawo a leɓensa ba ya iya kore shi. Hawaye ne kaɗai ba sa neman izinin tsoka, suna bin gefen fuska su shiga kunne.

Da aka bar ni da shi na matso da kujera. Na ce, "Wada, ka ji wannan? Ni ke ba ka iska. Baba ya ba ka fadama, ya ba ka rijiya, wannan kam bai ba ka ba. Wannan boko ce, wadda aka jefa ni ciki don ba a bukatata." Na tuna masa ranar da aka ɗora ni kan jaki ina ihu, shi yana kan cinyar Inna yana cin ƙuli-ƙuli. Na tuna masa hutun da na dawo na tarar an ba shi ɗakina.

Na jira ya cafe, ya mai da ita wasa.

Ban kore ƙudan ba. Hannuna biyu suna kan jaka.

Asabar, 19 ga Mayu, hantsi

Likita ya zo zagaye ya ce a fara yi masa fenisilin da sitiraftomasin saboda ciki. Kadijatu ta tare shi. "Ban da sitiraftomasin, likita. Galamin bai bar jikinai ba. Malam na nan, shi ya koya min: ba a haɗa su." Likita ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya yaba min.

Wajen juya shi don kada bayansa ya yi gyambo ta gani. Ɗuwawu biyu duk tabo, duk ƙullutu, tsoho da sabo. Ta daɗe tana shafawa da yatsa.

"Malam, wanga fa?"

Na ce kulorokin ne, zazzaɓi ya dame shi da rani.

"Kulorokin," in ji ta. "Da yawa haka?"

Na ce mata masu allurar kasuwa ba su da hankali, ba ta ji na Gatawa ba?

Saude na matsa jaka a lokacin. Bakinta na tasbihi, bai tsaya ba, amma na ga hannunta ya ɓata ƙa'ida sau ɗaya.

Kadijatu ta miƙe. Ta je sito neman kalsiyam, babu. Ta roƙi direban asibiti ya je birni ya samo. Ya ce ba mai, kuma sito a birni ba ya buɗewa sai Litinin. Ta ce ya tafi ya kwana a ƙofar siton. Da ranar Alhamis aka aika, da jiya ya iso. Wannan lissafi ne kawai, kowa zai iya yin sa.

Asabar, la'asar

Hadari ya haɗu gabas, mutane suka fito tsakar asibiti suna ɗaga hannu. Iska ta kwashe shi.

Yatsuna sun kumbura.

Lahadi, 20 ga Mayu, da safe

Fitsari ya fara zuwa. Ina matsa jaka na ji an ɗan ja ta daga ciki, kamar ƙaramin kifi ya taɓa ƙugiya. Bai isa ya riƙe rai ba, amma alama ce: murya ta fara buɗewa. Sannan gira ta motsa. Sannan fatar ido.

Saude ta yi guɗa a ɗakin marasa lafiya, aka tsawata mata.

Kadijatu ta sunkuya kansa tana dariya tana hawaye. "Baba Wada, sannu da dawowa! In kana jina, ƙifta." Ya ƙifta. "To ka huta. Da la'asar, in ka ƙara ƙarfi, akwai abin da za ni tambaye ka. Kai za ka amsa min, da idonka, ba kowa ba."

Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Shi ya dube ni. Ido bai gama buɗewa ba, amma ni yake nema. Ban san abin da ke cikin kallon ba. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa sanin abin da ke cikin kallon Wada ba.

Lahadi, bayan azahar

Hannu yakan gaji.

Litinin, 21 ga Mayu, Sabon Birni, la'asar

Ƙasa ta yi tauri, sai da aka karya diga kafin a gama kabari. Ban san akwai mutane haka a Gobir ba. Har Buzaye sun zo, da matan da suka sha ruwansa suna tsaye daga nesa. Ni aka tura gaba, ni ne babba.

An ce direban ya iso Isa da azahar, da kwalin kalsiyam a cinyarsa.

Laraba, 23 ga Mayu, hantsi

Ni na ce wa Kadijatu ta je ta kwanta, kwana uku ba ta runtsa ba. Ni na ce wa Saude ta je ta yi salla, ta nemo ruwa. Wannan tausayi ne, kuma a gaban mutane na faɗa. Tsoho ne ni, ga zafin azahar, ga ciki ba komai sai dilo. Ido yakan rufe. Hannu yakan gaji. Likita ma haka ya ce: ba wanda zai zarge ka, Malam, ka yi abin da ɗan'uwa zai yi.

Ba ruwa.

Alhamis, 24 ga Mayu, bayan la'asar

A zaman makoki magana ɗaya ce. Mace ta ba shi maganin barci ya zarce. Wani tsoho ya ce, "Ai da Malam Attahiru na ciki, da ba haka ba. Sun kori masana sun aje ɗiyan jiya." Kowa ya ce ƙwarai.

Na ce, "Ku bar ta, yarinya ce, tana da ƙoƙari."

Ban ce ita ce ba. A duba maganata, ban ce ba.

Yau wata nawa ban ji an kira sunana da irin wannan murya ba. Har wanda ya kawo min labarin Gatawa ya durƙusa ya yi min gaisuwa.

Asabar, 26 ga Mayu, hantsi

Kadijatu ta zo gaisuwa, ita kaɗai, da mayafi baƙi, ta rame. An hana ta shiga ɗakin tiyata sai kwamiti ya zauna. Ta durƙusa gefen tabarma, ta yi addu'a, sannan ta rage murya.

"Malam, ban yi barci ba tun ranar. Na auna galamin daidai, na rage saboda eta, yadda ka koya min. In ni na yi kuskure ka nuna min, za ni ɗauka. Amma tabon nan. Don girman Allah, kulorokin na?"

Na ɗaga murya yadda na ƙarshen zaure zai ji. "Kadijatu, tuhumata kika zo yi? A kan tabarmar makokin ƙanena? Abin da na koya miki ke nan?"

Wani ya ce, "Subhanallahi, ba ta ko jin kunya." Ta tashi, takalmi ɗaya ya zame mata, ta koma ta ɗauka kowa na kallo. Ba wanda ya raka ta.

Tun tana makaranta na lura ba ta da juriya.

Talata, 29 ga Mayu, azahar

An aiko daga Isa. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta makon gobe, suna so in zo, a matsayin ɗan'uwan mamaci kuma masani. Ɗan aiken ya ce ɗakin tiyata ba kowa yanzu, ana maganar a dawo da tsofaffi na wucin gadi.

Na fito da farar rigata daga akwati. Ta yi ja a wuya. Na ba da ita a wanke da ruwan rijiyar Wada. Yanzu ni ke cewa wa zai ɗiba, wa zai jira. Na hana Buzaye. Rijiya ba gulbi ba ce.

Juma'a, 1 ga Yuni, hantsi

An ga wata, an tashi da azumi. Mutanen da suka yi wata biyar suna azumin dole yau an ba shi suna.

Na zagaya fadama. Ta tsattsage, ƙafa na shigewa. Ƙarama ce. A raina ta fi haka girma sau goma. Na tsaya tsakiyarta na rasa abin da ake yi a ciki.

Lahadi, 3 ga Yuni, bayan la'asar

Ba na son baƙar roba. Yaran maƙwabta na wasa da tsohon tiyub na keke, suna matsawa yana huci. Na ƙwace na jefa bayan danga.

Litinin, 4 ga Yuni, da safe

Akwai tari ta bayan katanga. Na san shi, irin na Wada ne, mai zurfi, mai ƙarewa da kakari. Saude ce. Shekara da shekaru suna ɗaki ɗaya, ba abin mamaki.

Talata, 5 ga Yuni, hantsi

Na dafa sirinji, na ɗauko kwalba daga rumbu, na shiga gidan. Tana takaba, don haka na tsaya bayan zana na yi sallama.

Na ce, "Saude, na ji tarinki. Na zo da allura."

Ta ce, "Ina kwana, Yaya."

Na ce lafiya, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin zana in ba ta, ta kira wata ta koya.

"A'a, Yaya. Na gode."

Na ce mata mutuwa take so?

"Isa za ni. Malamai sun ce mai takaba na iya fita neman magani. Lauwali ƙanena zai kai ni, ran Alhamis."

Na ce ba kowa a Isa sai yarinyar da ta kashe mata miji.

Ta yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai na ji ƙarar wani abu, ƙil-ƙil-ƙil, kamar ana juye tsakuwa a kwano, amma ya fi tsakuwa zaƙin sauti.

"Yaya, kac ce in zuba su masai. Ban zuba ba. Wa ka yad da kwalba mai marhi a wagga shekara? Ina sa gishiri, ina sa kwalli, ina sa kanwa. Na ba maƙwabta ma, jiya na bi na amso. Rubutun na jikinsu, bai goge ba."

Na ce mata ba ta san abin da take yi ba. Na ce in aka ga kwalaben nan duk gari zai san mijinta mai tibi ne ya shayar da su, za a tofa wa kabarinsa yawu.

"Ya riga ya kwanta, Yaya. Ruwan kuma an shanye."

Na ce ni ne babban gidan nan, ban ba ta izini ba.

"Ranar da munka je, an tambayi ƙanenka, kai ka amsa. Kac ce babu. Ni ina bakin ƙohwa, na ji, na yi shiru, don haka anka koya min. Kwana uku ina matsa jakar nan ina tasbihi, ban san shiruna nika matsawa ba. Ranar Lahadi na bar shi yana ƙifta min ido. Na je salla na dawo." Tari ya katse ta. "Wannan ban gani ba, ba za ni ce na gani ba. Amma kwalba na gani. In an tambaye ni, ni za ni amsa. Ni ba ƙanwarka ba ce."

Shekara ashirin da wani abu tana gidan nan, duk maganar da ta taɓa yi min in an tara ba ta kai wannan ba.

Na tsaya da sirinji a hannu har ya huce.

Laraba, 6 ga Yuni, la'asar

Jahila ce. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a jikin kwalaben. Kwamiti na masu ilimi ne, za su saurari mai ilimi. Tabo tabo ne, an binne shi. Kwalba kuwa ko'ina ana samu.

Sai dai lambar siton gwamnati na jikinsu.

An kawo rigar. Jan wuyan bai fita ba.

Hannu yakan gaji. Wannan ba wanda ya gani.

Alhamis, 7 ga Yuni, da safe, a tasha

Mota ɗaya ce ke zuwa Isa yau, saboda mai. An ba ni gaba, kusa da direba, don farar riga. Muna jira ta cika.

Saude na baya, can kusurwa, Lauwali na gefenta. Ta lulluɓe har fuska, ta ɗora wani ƙunshi a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu kamar yadda ta riƙe jakar. Da ta hau ta gaishe ni, "Ina kwana, Yaya," yadda ta saba. Na amsa.

Duk tarin da ta yi sai kwalaben ciki su yi ƙara. Hanyar Isa kuwa duk rami ce.

Yaron mota ya ce, "Inna, mi ke cikin ƙunshin ga, in aza shi sama?"

Ta ce, "Bar shi nan. Can za a tambaya."